An auna an ce lafiya lau, amma ciwon yana nan

Akwai marasa lafiyar da mu ma'aikatan asibiti muka haddace fuskarsu saboda yawan zuwa. Yau ciwon kai da zafi a tsakiyar ka, gobe faɗuwar gaba, jibi a ce kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fata. An ɗebi jini, an yi hoto, an sha maganin taifod da na maleriya har an gaji, sakamako kuma kullum ɗaya: ba a ga komai ba. A gida sai a fara cewa raki ne, wasu su ce sammu ko iska.

Jama'a, ciwon nan na gaske ne. Idan damuwa ta daɗe tana cin mutum, ko ta rashin wani nasa, ko ta bashi, ko zaman gidan da ba daɗi, jiki yakan yi ta sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wuya da kafaɗu su ɗaure, ciki ya ɓaci, barci ya gagara. Daga nan tsoro ya shigo, mutum ya koma sauraron kowane motsi na jikinsa, tsoron kuma ya ƙara wa ciwon ƙarfi. Mu da aka raina da kunya da haɗiye magana, abin da baki ya kasa faɗa sau da yawa jiki ne ke faɗarsa. Ba sabon abu ba ne: tun 1960 likita Raymond Prince ya yi rubutu a kan irinsa a tsakanin ɗaliban Najeriya masu fama da karatu.

Abin da ya fi damuna shi ne yawon kemis. Yawan shan magungunan rage ciwo irin su diclofenac da ibuprofen na jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda.

A tsaya wa likita ɗaya, a gaya masa har abin da ke cikin rai. Idan ya tura ku ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, ba hauka yake nufi ba. Ana maganin irin wannan ciwo ta tattaunawa da ƙwararre, motsa jiki da gyara barci, wani lokaci da ƙwayoyi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Amma idan aka ga rama, zubar jini, zazzaɓin da ya ƙi sauka, shanyewar ɓarin jiki, ko mutum ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar.