Waiwaye: Rogue, wasan da ya mayar da haruffa dodanni

A wajajen 1980, wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Cruz, Michael Toy da Glenn Wichman, sun gaji da wasannin da suke rubutawa da hannunsu. Wasan da ake yayi a kwamfutocin jami'o'in Amurka a lokacin shi ne Colossal Cave Adventure, wanda rubutu ne zalla: kwamfuta ta bayyana maka kogon da kake ciki, kai kuma ka rubuta mata abin da za ka yi. Su ma sun gwada ƙirƙiro irinsa, sai dai wanda ya ɓoye mabuɗi ai ya san inda ya ajiye shi. Abin da suke nema shi ne wasan da zai iya shammatar mai shi.

Kayan aikin da ke gabansu ba wani abin a zo a gani ba ne. Babbar kwamfuta ɗaya ce ke ɗauke da ɗalibai masu yawa, kowa da allonsa da madannansa, allon kuma haruffa kaɗai yake nunawa, layi 24, kowane layi harafi 80. Ana cikin haka sai wata manhaja mai suna curses, wadda Ken Arnold ya rubuta a reshen Berkeley, ta iso gare su. Aikinta shi ne ba mai rubuta shiri damar dasa harafi a duk gurbin da ya ga dama a kan allo. Da ita suka zana taswira, aka samu Rogue.

Ɗan wasa shi ne alamar @. Ɗakunan kurkukun ƙarƙashin ƙasa an zana su da ɗigo da layuka, + ƙofa ce, # lungu, ! kwalbar magani, ? naɗaɗɗiyar takardar tsafi. Dodanni 26 ne, daga A zuwa Z: B jemage, S maciji, D kuwa, dodo mai aman wuta, in ka gan shi sai ka fara salati. Akwai mai sace maka zinariya ya ɓace, akwai mai sa sulkenka tsatsa. Burin shi ne ka gangara har hawa na 26, ka ɗauko layar Yendor, ka hauro da ita da ranka. Dodanni ba sa motsi sai ka motsa, don haka kana iya zama ka yi ta nazari kafin taku ɗaya. Amma yunwa na bin ka, ba dama ka yi ta zagaye a hawa ɗaya.

Abu biyu suka raba shi da tsararrakinsa. Duk lokacin da aka fara sabon wasa, kwamfuta ce ke sake tsara ɗakuna da lunguna da kayan da ke ciki. Har launin magunguna sai ta sauya: jan maganin da ya warkar da kai jiya, yau yana iya makantar da kai, kuma sau da yawa ba yadda za ka sani sai ka kurɓa. Na biyun shi ne mutuwa. In ɗan wasanka ya mutu, shi ke nan, allo ya nuna maka kabari da sunanka da abin da ya kashe ka. Ana iya ajiye wasa a dawo gobe, amma da zarar ka ci gaba sai ajiyar ta goge. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin mugunta. A ganina dabara ce: in da ana iya komawa baya, kowa zai sha maganin, in bai yi masa ba ya sake lodawa, shawarar sha ko bari ta zama wasan yara.

Rogue ba shi ne farau ba. Tun 1975 akwai wasannin kurkuku a na'urar PLATO ta Jami'ar Ilinoi, irin su pedit5, kuma Beneath Apple Manor na 1978 ya riga shi tsara taswira da ka. Dukkansu daga Dungeons & Dragons na 1974, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da alƙalami, suka sha nono. Sa'ar Rogue ita ce hanyar da ya bi ya yaɗu. Toy ya koma Berkeley ya haɗu da Arnold, suka inganta wasan, aka cusa shi cikin tsarin Unix na BSD 4.2, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda jami'o'i suka yi ta girkawa. Ba talla, ba ko kwabo, ya shiga ko'ina. A Jami'ar Carnegie Mellon har wasu ɗalibai suka rubuta Rog-O-Matic, shirin da ke buga wasan da kansa.

Da aka kai shi kasuwa kuwa, abin bai yi armashi ba. Kamfanin Epyx ya sayar da shi a tsakiyar shekarun 1980 don kwamfutocin gida, amma wa zai biya kuɗi alhali ga makamantansa kyauta? Da yake masu shi ba su saki asalin rubutun shirin da wuri ba, wasu sun zauna sun rubuta nasu: Hack, wanda ya haifi NetHack a 1987, da Moria na 1983, wanda Angband ya fito daga cikinsa a 1990. David Brevik, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan Diablo, ya sha faɗin cewa daga irin waɗannan wasanni ya samo tunaninsa, kuma da farko ma taku-taku aka tsara shi, wato dodanni ba sa motsi sai ka motsa. A Japan, kamfanin Chunsoft ya ɗora jerin Mystery Dungeon a kan wannan tubali tun 1993.

Yawan jikoki ya kawo gardamar gado. A 2008 masu sha'awar fannin suka yi taro a Berlin, suka zayyana sharuɗɗan da wasa zai cika kafin a kira shi roguelike, wato mai kama da Rogue. A shekarar ce kuma Spelunky ya fito, ya ɗauki taswirar da ke sauyawa da mutuwar da ba dawowa, ya watsar da haruffa da taku-taku. The Binding of Isaac a 2011 da Hades a 2020 suka bi sahunsa suka yi kasuwa sosai, masu ra'ayin 'yan mazan jiya kuma har yau suna cewa waɗannan ba 'yan gida ba ne.