Waiwaye: Yadda Aka Fara Lissafa Duka da Barazana Cikin Haɗurran Wurin Aiki

A shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan da sana'o'i ke jawo wa masu yin su, inda ya shawarci likitoci da su riƙa tambayar marar lafiya abin da yake yi don neman abinci. Hanyar da ya share ita aka bi fiye da shekara ɗari biyu, kuma duk wanda ya bi ta, idonsa yana kan ƙura da tururin guba da wuta da haƙoran inji da faɗowa daga sama. Ko da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, yarjejeniyarta ta farko a kan awoyin aiki ta tsaya, wato awa 8 a rana da 48 a mako. Abin da ɗan Adam ke yi wa ɗan'uwansa a bakin aiki bai shiga lissafi ba. Idan fasinja ya mari direba, ko ɗan'uwan majinyaci ya shaƙe wuyan ma'aikaciyar jinya, ko shugaba ya mai da zagi abin gaisuwa, to ɗayan biyu ne: ko a ce maganar 'yan sanda ce, ko a ce wa wanda aka ci wa mutunci ya yi haƙuri domin cikin aikin ne.

Manyan dokokin kare lafiyar ma'aikata na zamani ma ba su ambaci duka ko barazana da suna ba. Dokar Amurka ta 1970 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kawar da duk wani sanannen haɗari da kan iya kisa ko mummunan rauni, ta Birtaniya ta 1974 kuma ta zo da makamancin wannan nauyi a dunƙule. Waɗannan kalmomi masu faɗi su ne daga baya suka zama ƙofar shigar da maganar cin zarafi, amma sai da jini ya zuba kafin a waiwaye su.

Ranar 20 ga Agusta, 1986, wani ma'aikacin gidan waya mai suna Patrick Sherrill ya shiga ofishinsu a garin Edmond na jihar Oklahoma, ya harbe abokan aikinsa 14 har lahira, ya raunata 6, sannan ya kashe kansa. A 1991 aka sake ganin irin haka a gidan wayar Royal Oak a jihar Michigan. Daga nan sunan gidan waya ya zama habaici a Turancin Amurka ga duk wanda fushi ya kwashe ya yi ɓarna, kuma hoto guda ya zauna a zukatan mutane: ma'aikacin da aka kora ko aka ƙuntata wa, ya dawo da bindiga. Wannan hoton ya yi amfani ta fuska ɗaya, domin shi ya sa kamfanoni da gwamnati suka farka. Sai dai ya karkatar da hankali daga inda ɓarnar ta fi yawa, kuma har yau bai gama sakin mutane ba.

Ƙidaya ce ta gyara wannan kuskure. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta fara tattara bayanan mace-macen wurin aiki na ƙasa baki ɗaya a 1992, kuma a 1994 ta ƙirga mutum 1,080 da aka kashe da gangan suna bakin aiki. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar mafi yawansu 'yan fashi ne suka kashe su, waɗanda abokan aiki suka kashe kuwa kaso ne ƙarami. Direbobin tasi ne suka fi kowa shiga haɗari, sai masu tsaron kanti da gidajen mai cikin dare, da masu gadi da 'yan sanda. Wani kwamiti da aka ɗora wa binciken hukumar gidan waya ya ba da rahoto a shekarar 2000 cewa haɗarin a kashe ma'aikacin gidan waya a bakin aiki bai ma kai na sauran ma'aikata ba. Ashe waɗanda aka yi wa tambari ba su ne matsalar ba.

Wannan ne ya kai masana ga rarrabe cin zarafi bisa alaƙar mai yi da wurin aikin, tsarin da masu bincike na Jami'ar Iowa suka fayyace a 2001 kuma ake amfani da shi har yanzu. Akwai baƙon da ya zo da niyyar laifi kamar ɗan fashi. Akwai wanda ake yi wa hidima, wato majinyaci ko fasinja ko mai sayayya ko ɗalibi. Akwai abokin aiki, na yanzu ko na da. Sannan akwai wanda rigimarsa ta gida ce amma ya biyo mutum har ofis, kamar tsohon mijin da ya san matar ta sauya gida amma ba ta sauya wurin aiki ba. Amfanin wannan rarrabewa shi ne kowanne da maganinsa. Maganin fashi a kantin dare ba wa'azi ba ne, tsari ne: a rage kuɗin da ke cikin akwatin ciniki, a sa ragowar a ma'ajiyar da mai tsaron kantin ba shi da mabuɗinta, a haskaka ciki da waje, a cire tallace-tallacen da suka rufe gilashi don mai wucewa ya riƙa hango ciki, a kuma koya wa ma'aikaci cewa idan an nuna masa makami ya miƙa kuɗin, kada ya yi gardama, kada ya bi ɓarawo.

Inda maganar ta fi zurfi kuwa shi ne asibiti. Ma'aikatan lafiya suna hulɗa da mutane a lokacin da ciwo da tsoro da dogon jira suka haɗu, wani lokaci da maye ko ruɗewar hankali, kuma su kansu sun daɗe suna ɗaukar mari da tofin yawu a matsayin ladan gaɓe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da jagora domin su a 1996, sannan a 2002 Ƙungiyar Ƙwadago da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya da ta ma'aikatan gwamnati suka haɗu suka fitar da nasu. Abin da ake koyarwa a yanzu ƙananan abubuwa ne. A ce ƙarfe biyu na dare, wani mutum ya yi awa uku yana jiran a duba mahaifiyarsa, ya fara kai-da-komo, muryarsa na tashi, ya dunƙule hannu yana bubbuga tebur. Ma'aikaciyar da aka horar ba za ta ce masa ya kwantar da hankalinsa ba, domin wannan kalma sau da yawa fetur ce a kan wuta. Takan ja baya ta bar tazarar da hannu ba zai kai ta ba, ta tabbatar ƙofa na bayanta ba bayansa ba, ta bar hannayenta a fili, ta sassauta murya ta ce, "Malam, na ga ka daɗe kana jira, kuma na san hankalinka na kan Mama. Mutum biyu ne a gabanta, bari in duba in dawo in faɗa maka." Idan hakan bai yi ba, ta san maɓallin da za ta danna da wanda zai zo. A nan ne gizo ke saƙa, domin horo ba ya tsinana komai idan ita kaɗai aka bari a ɗakin, ko maɓallin ya lalace tun bara.

A Turai labarin ya bi wata hanya da babu bindiga a cikinta. A shekarun 1980 Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a Suwidin, ya yi nazarin yadda taron ma'aikata ko shugaba kan sa mutum ɗaya a gaba, a daina yi masa magana, a janye masa aiki, a riƙa yi masa dariya da yaɗa ƙarya a kansa wata da watanni har ya karye. Suwidin ta kafa doka a kan haka a 1993, Faransa kuma ta mai da shi laifi a 2002. Shari'ar da ta fi girgiza mutane ita ce ta kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda ya ƙudiri rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku, har shugabansa Didier Lombard ya taɓa cewa za su fita ko ta taga ko ta ƙofa. Ma'aikata da dama sun kashe kansu a tsakanin 2008 da 2009. A Disambar 2019 kotu a birnin Paris ta same shi da wasu manyan jami'ai da kamfanin kansa da laifin gallazawa, tana mai cewa manufar kamfani ma tana iya zama makamin cutarwa ko da shugaban bai taɓa haɗa ido da wanda aka cutar ba.

Mata kuwa da kansu suka buɗe tasu ƙofar a kotuna. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1986 cewa damun mace da neman lalata a wurin aiki nuna wariya ne da doka ta hana, ta Indiya ta shimfiɗa ƙa'idoji a shari'ar Vishaka a 1997 kafin majalisa ta yi doka a 2013, sannan guguwar fallasa da ta taso a intanet a 2017 ta nuna yawan abin da aka daɗe ana binnewa.

Saura tambayar da ta fi wuya, wato yadda za a gane barazanar gaske tun kafin ta zama aiki. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike biyu, Robert Fein da Bryan Vossekuil, suka yi wa hukumar tsaron shugabannin Amurka nazarin mutanen da suka kai wa fitattun mutane hari ko suka yi yunƙurin kai shi. Sun gano cewa babu wata siffa guda da ta haɗa su, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka yi wa wanda suka nufa barazana kai tsaye. Ke nan mai furta barazana daban, mai haɗari daban, ko da yake wani lokaci mutum ɗaya ne. Daga nan hankali ya koma kan ɗabi'a: ƙullin da mutum ya kasa saki yana ta nanata shi, bibiyar wani da leƙen inda yake ajiye mota, sabuwar sha'awar makami, maganar cewa ba shi da sauran abin da zai rasa, ko faɗa wa wani na gefe abin da yake shirin yi. Kukan kurciya jawabi ne, amma yawanci kowa guntu yake ji, mai gadi ya ga wani abu, abokin zama ya ji wani, ofishin ma'aikata na riƙe da na uku. Shi ya sa manyan ma'aikatu suka fara kafa ƙaramin kwamiti da ke haɗa guntayen wuri ɗaya. Ya kamata a faɗa a nan cewa taɓin hankali shi kaɗai ba alamar haɗari ba ne, domin akasarin masu fama da shi ba sa cutar da kowa. A ganina kuma, manufar korar duk wanda aka kai ƙararsa nan take, wadda ta yi tashe a wancan zamani, tana da illa a ɓoye, domin ma'aikacin da ya san magana ɗaya za ta raba abokinsa da abincinsa zai gwammace ya yi shiru.

Duk waɗannan rassa sun haɗu a Geneva ranar 21 ga Yuni, 2019, lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago, tana cika shekara 100, ta amince da Yarjejeniya ta 190. Ita ce dokar duniya ta farko a kan cin zarafi da tsangwama a fagen aiki, kuma ta faɗaɗa ma'anar wurin aiki har ta haɗa da hanyar zuwa da dawowa, da tafiyar aiki, da masaukin da kamfani ya bayar, da saƙonnin waya da na intanet. Ta kuma ba da kariya ga ɗan koyo da mai neman aiki da ɗan sa-kai da wanda aka sallama da masu sana'ar da ba ta da rajista. Ƙasar Yurugwai ce ta fara sa hannun amincewa, Fiji ta biyo baya, yarjejeniyar ta fara aiki a Yunin 2021.

A Disambar 2022 ƙungiyar ta fitar da sakamakon tambayoyin da aka yi wa ma'aikata a ƙasashe 121, inda aka gano cewa fiye da mutum ɗaya cikin biyar, kimanin miliyan 743, sun taɓa fuskantar cin zarafi a rayuwarsu ta aiki, kuma na zagi da muzgunawa ya fi na duka yawa nesa ba kusa ba. Kusan rabinsu ba su taɓa faɗa wa kowa ba, dalilan da suka fi bayarwa kuwa su ne ɓata lokaci ne da kuma tsoron zubewar mutunci. Sababbin dokoki sun fara taɓo wannan giɓin. Tun daga 1 ga Yuli, 2024, jihar Kalifoniya ta wajabta wa akasarin masu ba da aiki su rubuta tsarin kariya tare da ma'aikatansu, su kuma buɗe rajistar da za a shigar da kowane hari ko barazana, da ranarsa da wurinsa da yadda ya faru da matakin da aka ɗauka, ba tare da sunan kowa ba, a adana ta aƙalla shekara biyar.