In aure ya mutu a Legas, wa ke riƙe katin asibitin yaro?

Kwanaki a wani asibiti a Agege, wata baiwar Allah ta zo da ɗanta goye. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Maman yaro, ina katin rigakafi?" Sai ta sunkuyar da kai. Katin yana cikin durowa a gidan tsohon mijinta a Mile 12, rabonsu da magana kuwa tun ranar da ta kwashe kayanta. Babu wanda ya san allurar da ta rage. Abin ya tsaya mini a rai.

Dokar Haƙƙin Yara ta Jihar Legas ta 2007 ta ce a duk hukuncin da ya shafi yaro, wato wanda bai kai shekara 18 ba, maslaharsa ce a gaba. Saki ba ya sauke wa uba ko uwa nauyi. Har ta wajabta wa mai riƙon yaron da bai kai shekara biyu ba ya tabbatar an yi masa cikakkiyar rigakafi. In an kasa daidaitawa, Kotun Iyali, a matakin majistare ko babbar kotu, ita ke yanke riƙo, ziyara da kuɗin ciyarwa.

A Musulunci mun san reno na uwa ne, ciyarwa da magani na uba. Amma Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati irin ta Kano. Don haka sulhun da aka yi gaban liman ko Sarkin Hausawa, don Allah a rubuta shi, kowa ya sa hannu. Cibiyar sasanci ta jiha tana yin wannan kyauta, ofishin OPD, wato ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu kare jama'a, kuma yana bai wa marasa hali lauya.

A takardar a fayyace: kati yana hannun wa, wa zai biya inshorar lafiya ta jiha, wato Ilera Eko, wa ke ɗauko yaro daga makaranta. Mai sikila ko asma, maganinsa ya kasance a gida biyun, kowa ya san ƙa'idar shansa. Batun tura yaro Arewa wurin kaka, nan ne rigima ta fi tashi. Kada a sa shi a mota sai da yardar ɗayan, kuma katinsa ya bi shi.

In akwai duka ko barazana, maganar ta wuce sulhu. Dokar jihar ta hana cin zarafi a cikin gida, ita ma ta 2007, ta ba kotu ikon hana mai dukan kusantar uwa da yara. A je hukumar DSVA, wato hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da na lalata, in da gaggawa a kira 767 ko 112.