Akwatin Rubutu na Katako

Akwatin rubutu ƙaramin tebur ne marar ƙafafu wanda ake ɗauka a hannu. A rufe akwati ne kawai, amma idan aka buɗe shi sai murfin da gindin su haɗu su zama fili ɗaya mai gangara da ake ɗora takarda a kai. A cikinsa ake adana takardu, alƙaluma, kurtun tawada da wasiƙu. Yau ba kasafai ake sayensa don buƙata ba, amma masu sha'awar kafinta suna yawan ƙera shi, domin ba ya cin katako da yawa, kuma yana gwada hannun mutum fiye da yadda girmansa ke nunawa.

Tarihi

Akwatin ya yi tashe a Turai da Amurka tun daga ƙarni na 18 har ƙarshen na 19, lokacin da wasiƙa ce babbar hanyar sadarwa, tafiya kuma ta keken doki ko jirgin ruwa ce. Hafsoshin sojan Birtaniya kan tafi da irin wanda aka ɗaure kusurwoyinsa da tagulla don ya jure jigila. Da yawa daga cikin akwatunan suna da ɓoyayyun aljihuna a bayan ma'ajiyar alƙalami, inda ake ɓoye kuɗi ko takardun sirri.

Wanda ya fi shahara shi ne na Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku. Shi ya zana fasalinsa, wani kafinta na Filadelfiya mai suna Benjamin Randolph ya ƙera masa da katakon mahogani, kuma a kansa ya tsara daftarin sanarwar 'yancin kan Amurka a 1776. Nasa ya ɗan bambanta da na gama-gari: allo ne mai naɗewa a sama, da aljihu ɗaya a gefe. A 1825 ya ba da shi kyauta ga mijin jikarsa, yanzu kuma yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Na marubuciya Jane Austen, wanda mahaifinta ya saya mata a 1794, yana Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan. Yaɗuwar alƙalami mai ɗauke da tawadarsa da kuma keken rubutu a ƙarshen ƙarni na 19 ce ta rage masa kasuwa.

Yadda ake ƙera shi

Sirrin aikin yana cikin yanka guda ɗaya. Ba a ƙera murfi daban, gindi daban. Ana haɗa akwatin ne a rufe ruf, ɓangarori shida, a manne da gam, sannan a raba shi biyu da zarto a karkace. Da haka bakin murfi da na gindi za su dace, zanen jikin katakon kuma ya ci gaba daga sama zuwa ƙasa ba tare da ya katse ba.

Wurin da layin yankan zai bi shi ne abin lura. A gefen da za a sa hinji, dole layin ya faɗa daidai tsakiyar tsayin akwatin, in ba haka ba murfin ba zai kwanta a kan tebur ba idan aka buɗe: ko dai ya riƙa lilo a iska yana jan hinji, ko ya ɗaga gindin. A ɗaya gefen, inda kwaɗo yake, layin kan hau sama. Misali, a akwati mai tsayin santimita 14 da santimita 25 daga gefen hinji zuwa gefen kwaɗo, idan aka yanka a kan 7 ta wajen hinji, a kan 11 ta wajen kwaɗo, za a samu gangara ta kusan digiri 9, wadda ta isa rubutu ba tare da takarda ta zame ba. Masu koyo kan manta cewa zarto ma yana cin nasa kaso, milimita ɗaya zuwa uku, don haka ana ƙara wannan a awo tun farko. Yayin yanka kuma ana cusa 'yan siraran katako a inda aka riga aka raba, don kada akwatin ya matse bakin zarto.

Kaurin katakon gefe yakan kasance milimita 10 zuwa 12. Wanda ya fi haka nauyi kawai yake ƙarawa. Faɗin ciki kuwa takarda ce ke yanke shi. Ta A4 milimita 210 ce a 297, sai a bar ɗan sarari da yatsa zai shiga ya ɗago ta. Kusurwoyi ana haɗa su da haɗin wutsiyar kurciya (haƙora masu faɗin kai da ke sarƙewa da juna), ko haɗin yatsu mai miƙaƙƙun haƙora wanda ya fi sauƙi, ko a yanke bakunan a digiri 45 a ƙarfafa da siririn katako.

Katako yana kumbura da damshi, yana motsewa idan iska ta bushe, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Shi ya sa ake zura allon sama da na ƙasa cikin kwarmin da aka fafe a gefuna ba tare da gam ba. Wanda ya manne su gam-gam, wata rana zai tarar da tsaga. Filawud ba shi da wannan matsala, ko da yake bakinsa sai an rufe.

Hinji shi ne inda gwaninta ke bayyana. Ana fafe masa gurbi da cizal daidai kaurinsa, a huda ramin sukuru kafin a ɗaura, domin sukurun tagulla yana da laushi, kansa kan karye cikin katako mai tauri. Kafintoci kan fara buɗe hanya da sukurun ƙarfe mai girma daidai da na tagullar, sannan su sa na tagullar.

Filin rubutun alluna biyu ne masu ɗagawa, ɗaya a kan kowane rabi, a lulluɓe da fata ko ƙyallen ulu. A tsofaffin akwatuna wannan lulluɓin ne ma ke zama hinjin allunan. Daga ƙarshe a goge jiki da sandafefa ana bin tsawon katako, a shafa mai ko shalak (wani irin ƙaro mai sa katako ƙyalli), a bi da kakin zuma. Cikin akwatin an fi barinsa ba mai, saboda warinsa kan daɗe a rufaffen wuri, kuma yana iya ɓata takarda.