Matsayin Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga a Dokar Nijeriya

Matashin Abuja da ya kalli gasar harbi a wasannin Olamfik har ya yi sha'awar koyo, ya kamata ya san cewa Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta ɗauki bindigogin wannan wasa a matsayi guda ba.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin toka irin na maharba suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha, to amma gida biyun da suka rage su ne suka shafi ɗan gasa. Ƙananan bindigogi masu aiki da harsashi, wato fistol da libarba, an jera su cikin haramtattun makamai tare da bindiga mai jigida da gurneti, kuma sashe na 3 ya ce ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Fistol ɗin da ake gasar mita 25 da ita, wadda ɗan wasa ke harbin alluna biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4, a wannan gida ta faɗa, duk da ƙanƙantar harsashinta. Hukuncin riƙe ta ba lasisi ɗauri ne na aƙalla shekara 10.

Fistol mai aiki da iska, wadda ake gasar mita 10 da ita, tana gida na biyu, inda sashe na 4 ya ɗora bayar da lasisi a wuyan Sufeto Janar na 'Yan Sanda. A ganina nan ne ƙofar mai koyo, domin duk ginshiƙan wasan suna cikinta: a tsaye ake harbi, da hannu ɗaya, sau 60 cikin minti 75, kuma tsakiyar allon faɗinta milimita 11.5 ne kacal. Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska tamkar abin wasan yara, alhali riƙe ta ba lasisi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5.

Akwai wata gaɓa da ake yawan kuskurewa. Masu horarwa suna sa ɗalibi ya daɗe yana atisayen saiti da danna kunama ba tare da harsashi ba, domin hannu ya saba da natsuwa, kuma wasu suna zaton irin wannan atisaye a gida ba ruwan hukuma da shi. Ba haka ba ne, domin abin da doka ta hana shi ne mallakar bindigar ko kasancewarta a hannun mutum, ko da kuwa babu komai a cikinta.

Lasisin kuma ba haƙƙi ba ne da hukuma za ta bayar dole. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai larurar gani, ko wanda ya shahara da shaye-shaye, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.