Mece ce na'urar kaɗa ƙuri'a, kuma me ya sa ake ɗari-ɗari da ita?

Mutane da yawa sun ɗauka BVAS ce. A'a. Aikin BVAS tantance mai zaɓe ne ta yatsa ko fuska, da ɗaukar hoton takardar sakamako, ƙuri'ar kuwa har yanzu dangwala ta ake yi da tawada. Na'urar kaɗa ƙuri'a ita ce wadda za ka tsaya gabanta ka danna alamar jam'iyyarka, ta adana zaɓinka, ta kuma yi ƙirgan da kanta. Brazil ta fara amfani da ita a 1996, Namibiya a 2014, jihar Kaduna ma ta gwada a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018.

Tana da sauri, tana kuma rage lalatattun ƙuri'u. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ƙirga. A rumfar zaɓe ta takarda, akwati ake zazzagewa a bainar jama'a, malamin zaɓe yana ɗaga ƙuri'a ɗai-ɗai, wakilan jam'iyyu suna bin sa da ƙirga da babbar murya. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba shaida ce. To idan na'ura ta ce ga sakamako, da me za ka musa? Ko kutse aka yi wa manhajarta, ko kuskure ne kawai, mai zaɓe ba zai gani ba.

Wannan ne ya sa kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a 2009 cewa na'urorin da aka yi zaɓen 2005 da su sun saɓa wa tsarin mulki, domin haƙƙin ɗan ƙasa ne ya iya bin diddigin ƙirga ba sai ya zama gwanin kwamfuta ba. A ganina hukuncin ya yi daidai, ko da kuwa ba a kama kowa da maguɗi ba.

Indiya ta bi wata hanya. Ana haɗa na'urar da wata mai buga 'yar takarda, VVPAT. Kana dannawa, takardar za ta bayyana a bayan gilashi na daƙiƙa 7 da suna da alamar wanda ka zaɓa, sannan ta faɗa akwati a rufe. Tun 2019 kotun ƙolin ƙasar ta umarci a riƙa ƙirga waɗannan takardu da hannu a rumfuna 5 na kowace mazaɓar majalisar jiha, a gwada su da lissafin na'ura. 'Yan adawa dai har yau cewa suke yi 5 ta yi kaɗan.