Ranar suyar cincin: a kula da yara da kaskon mai

Daga tsakiyar Disamba ƙamshin gyaɗar ƙamshi da bota ke fara tashi a gidajen 'yan'uwanmu Kirista, daga Wusasa zuwa Kafanchan da Jos. Iyaye mata su kwaɓa fulawa, 'yan mata su murza, ƙanana su zauna da wuƙa suna yanka. Ranar Kirsimeti kuma a aiki yara da kwanuka gidan maƙwabta, Musulmi da Kirista, kamar yadda ake kai naman layya da Babbar Sallah. Ina son al'adar nan, kuma ina son ta ɗore. Amma a matsayina na ma'aikaciyar lafiya, lokacin nan ne hankalina ya fi tashi saboda ƙunar mai.

Man da ake soya cincin yakan kai zafin digiri 170 zuwa 180, ya wuce tafasasshen ruwa nesa, kuma yana manne wa fata. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba, don haka ƙunar takan yi zurfi nan take. Yawancinmu a ƙasa muke suya, a murhu ko risho, daidai tsayin mai rarrafe. Don Allah, iyayena mata, a sa babba guda ya riƙe ƙananan a ɗaki har a sauke kasko. Kada a yi suya da goyo. Idan an gama, a ajiye man inda hannu ba zai kai ba, domin yana daɗewa bai huce ba.

Idan tsautsayi ya afku, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a wurin har minti 20. A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufar da ta manne. Kada a shafa makilin, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri, ko manja. Ba sa warkarwa, ƙwayoyin cuta suke shigarwa, kuma sai mun sha wahalar wanke su yaro na ihu. A rufe da ƙyalle mai tsabta a taho asibiti, musamman in ƙunar ta taɓa fuska, hannu ko al'aura. In kaskon ne ya kama da wuta, a kashe risho a kifa murfi. Ruwa a kan mai mai ci yana sa wutar ta yi tsalle, ga iskar hunturu.

Sai batun lasar kwaɓi. Yara na son sa, amma akwai ɗanyen ƙwai a ciki, kuma ita kanta fulawa ɗanya ce. A Amurka, inda iyalai ke gasa biskit ɗin Kirsimeti a tanda, ɗanyar fulawa ta sa wa mutum 63 cutar E. coli, ƙwayar cuta mai sa gudawa, a 2016. A wanke hannu da sabulu kafin kwaɓi da bayan fasa ƙwai, a kuma haƙura har ya soyu.

Na san tsadar mai, amma wanda ya yi baƙi, yana kumfa ko hayaƙi, ya gama aiki. Cincin kuwa a bar shi ya huce sarai kafin a zuba a bokiti mai murfi. In an ɗaure da zafi a leda, sai ya yi gumi ya yi laushi, har ya yi funfuna. Kada a tsane shi a kan jarida saboda tawada.

Gidan da kuka san akwai mai ciwon suga, a rage cincin a kwanon, a haɗa masa da lemun ɓawo ko soyayyiyar gyaɗa.